Yaran da Aka Damƙa Mini Hannu da Hannu

Zuwa ga mai girma Shugaban Kwamitin Zaɓen Masu Shiga Horon Malanta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ranka ya daɗe, ina fata kana lafiya, da iyali, da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Allah ya ƙara girma, amin.

Sunana Isyaku, mai dafa mazarƙwaila a wani ƙauye kusa da Nasarawan Doya, a ƙasar Makarfi. Na yi elementare har aji huɗu, mahaifina ya rasu, na dawo gida na kama doki da injin matsar rake. Takarda uku na rubuta maka ban ga amsa ba. Sau biyu na zo ofis, masinja ya nuna mini gindin bishiya, na zauna har aka tashi. Shi ya sa na biyo ta jarida, ba don raini ba. An soke sunana daga cikin masu ɗaukar jarrabawar shiga horon malanta, bisa laifin da ban yi ba, kuma an gaya mini bana ce shekarata ta ƙarshe, baɗi na wuce shekarun da ake karɓa. Ga yadda abin ya faru.

Na farko, yadda na shiga aji. Damina uku da suka wuce jinkar makarantar ƙauyenmu ta yi yoyo, aka kira gayya, na je da ciyawata. Malami ɗaya ne a makarantar, Malam Lawal, dattijo, ciwon ido ya ci ƙarfinsa. Ina bisa jinka ina kallonsa yana rubutu a allo, layi na hawa kan layi, yara shida suna kwafar abin da shi kansa ba ya gani. Da na sauko ya kira ni gefe, ya ce tun da na yi boko in ara masa idona na safiya ɗaya. Safiya ɗayar nan ce ta zama shekara biyu. Ba wanda ya biya ni, ban kuma nema ba. Da asuba in kunna wuta ƙarƙashin kasko, in bar ƙanena Haruna a kai, in wanke hannu in tafi aji, da azahar in dawo in karɓe shi.

Ina so a gane ba yunwa ce ta kore ni daga sana'ata ba. Mazarƙwailata har Ikara da Kudan an san ta, ba ta kwana a kasuwa. Amma ran da wata yarinya mai in'ina ta karanta layi guda ba ta tsaya ba, ta ɗago ta dube ni, na ji abin da ban taɓa ji a bakin kasko ba. Na koma gida na kasa cin tuwo don murna. Tun daga ranar na san inda zuciyata take.

Na biyu, yadda yara suka ƙaru. Ranka ya daɗe ka san yadda ake samun 'yan makaranta a ƙauye. In an ji za a zo ɗaukar yara, wani ya ɓoye ɗansa a rumbu, wani ya tura nasa wajen dangi a Saulawa sai ƙura ta lafa. Ni ban je da dogari ba. Na bi gida gida da ƙafata, na zauna a zaure, na sha furar kowa, wani gidan sau biyar na koma. Abin da takardunku ba su sani ba shi ne, a wajenmu uba ba ya ba gini ɗa. Mutum yake ba. Yadda ake kai yaro wurin malamin allo, haka suka yi da ni. Uba ya kira shaidu biyu, ya kama wuyan hannun ɗansa ya sa a tafina, ya ce ga amana, a shafa fatiha. Malam Tanimu, ƙanen limaminmu, shi ya fara, kuma sai da ya ce mini a gaban mutane: "Isyaku, na san ubanka, na san gonar da ya noma. Kai na ba, ban ba Nasara ba." Da aka ga gidan liman ya bayar, sauran suka biyo. Har Arɗo Buba ya sauko daga ruga da 'ya'yansa biyu. Daga shida muka kai ashirin da uku.

Idan ina da laifi, a nan yake. Na karɓi hannuwan nan ina murna, ban tsaya na yi tunanin cewa ni ba kowa ba ne a makarantar ba. Sunana ba ya cikin kowace takarda, kuma duk ranar da aka ga dama ana iya cewa in fita.

Na uku. Mai duba makarantu ya zo a kan kekensa farkon daminar bara, ya tarar da aji cike, har wasu na zaune a ƙasa don benci bai isa ba. Ya sa yara karatu, ya sa su lissafi, ya yi ta gyaɗa kai. Shi da bakinsa ya ce irina ake nema, in rubuta takardar neman shiga horo, zai sa hannu. Na rubuta, ya sa hannu, aka aiko cewa sunana ya shiga. Horon nan na shekaru ne, doki kuwa ba ya jira, rake ma haka. Sai na tara dangi a zauren babanmu, na ce na bar wa Haruna doki da inji da fadama, halak malak. Baffanmu ya tambaye ni sau uku ko na yi shawara, sau uku na ce na yi. Matata kuwa kwana biyu ba ta dube ni ido da ido ba. Abin da aka bayar a gaban dangi ba a komawa a ce a dawo da shi, kuma ba zan nema ba.

Na huɗu, kuma nan ne zuciyar maganar. Bayan babbar salla Malam Lawal ya ajiye aiki, aka turo sabon malami, Malam Bala, saurayi mai takardar shaida. Tare da shi aka aiko da umarni cewa daga yau wanda ba shi da takarda kada ya ƙara shiga aji. Na ji zafi, amma na bi. Na miƙa masa alli da rajista, na nuna masa wanda ba ya ji sosai don a zaunar da shi gaba, na fita. Ba ni da abin faɗa a kan Malam Bala sai alheri. Ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, yana da haƙuri, ya kuma gaishe ni da girmamawa. Amma kafin mako biyu yara ashirin da uku sun koma biyar.

Sai aka rubuta rahoto cewa ni na zuga iyaye suka janye 'ya'yansu, don haushin an raba ni da aji. Wanda ya rubuta bai zo ƙauyenmu ba. Bai tambaye ni ba, bai tambayi Malam Bala ba, bai tambayi uba ko ɗaya ba. Ya ga rajista ta rame, ya ga akwai wanda aka sallama, ya haɗa biyun a kan teburinsa. Da wannan rahoto kwamitinka ya ja layi a kan sunana. An shafa mini kashin kaji, kuma labarin ma a bakin wani mai sayen mazarƙwaila na fara jinsa a kasuwar Makarfi.

Gaskiyar ita ce, ni na sake bin gidajen nan ina roƙo a mayar da yara. Na durƙusa a zauren da a da ake shimfiɗa mini tabarma. Malam Tanimu ya bar ni na gama, sannan ya ce: "To ai ni ban san wani Bala ba. Ɗan wa ye? In ya doke mini yaro, ƙofar wa zan je? Kai ka karɓa, kai aka kora. Ka gaya mini abin da ka yi aka kore ka tukuna." Na ce ban yi komai ba, takarda ce ba ni da ita. Ya ce to shekara biyun da na yi ina koya wa ɗansa, da mece ce na koya masa, kuma in karatun nawa ba shi da kyau, me ya sa aka bari. Ranka ya daɗe, na tashi daga nan na nufi ruga. Arɗo ko zama bai bari na yi ba. Cewa ya yi shi ma ba ya ba baƙo kiwo don kawai ya zo da takarda, ya juya ya bi shanunsa.

Mutanen nan ba taurin kai suke yi ba. A ganinsu yaran har yanzu suna hannuna, tun da ban mayar ba, kuma ba za su aika abin da ke hannun wani zuwa wurin wanda ba su sani ba. Da an bar ni na tsaya kusa da Malam Bala wata ɗaya ko biyu, iyaye su gan mu tare, su ga na yarda da shi, in ɗauki hannun kowane yaro in sa a nasa a gabansu, da ba a rasa ko ɗaya ba. Wannan ba ya bukatar takarda. Tambaya kawai yake bukata, ba a kuwa yi ta ba.

Na biyar, halin da nake ciki. Yanzu ni ke tura rake a injin da na gada, Haruna ke tsaye a bakin kasko. Yana jin kunyata, ba ya iya sa ni aiki, ni ma ba na iya zama ban yi ba, sai mu yini ba mu haɗa ido ba. Littattafan da na ara don shirin jarrabawa suna cikin adaka, in na buɗe sai in ga haruffa kawai. Yaran da na koyar suna wucewa da fartanya ko da tallan gyaɗa, su rusuna su ce, Malam ina kwana. Na fi son su zage ni. Yarinyar nan mai in'ina na gamu da ita a bakin rijiya, na rubuta mata sunanta a ƙasa da tsinke, ta daɗe tana kallo kafin ta gane shi. A gari kuma an fara raɗa cewa ba a korar mutum haka kawai, lalle akwai abin da na aikata. Ba na jin wannan takarda za ta yi abin da ukun farko suka kasa, amma ba ni da wata ƙofa.

Saboda haka ina roƙon waɗannan abubuwa.

Ɗaya, a turo mutum, ko wane ne, ya zauna a zauren Malam Tanimu, ya hau rugar Arɗo, ya tambayi Malam Bala. In an sami uba ɗaya da ya ce na hana shi kai ɗansa, na yarda da hukuncin, ba zan ƙara damun kowa ba.

Biyu, in an ga ba ni da laifi, a mayar da sunana kafin ranar jarrabawa. Ban ce a ba ni malanta kyauta ba. A ba ni takarda da alƙalami kamar kowa, in na faɗi na faɗi da hannuna.

Uku, ko da ba za a yi mini waɗannan ba, a ba ni izinin tsayawa a aji tare da Malam Bala na 'yan makonni, don in damƙa masa yaran yadda aka damƙa mini. Ni na riga na rasa abin da zan rasa. Su kuwa goma sha takwas ne, kuma kullum karatun yana zubewa.

Akwai gaggawa a cikin roƙo na ukun. Iyaye sun gaji da jira. Sun aiko liman ya gaya mini cewa amana ba ta zama a rataye, in ba zan koyar ba in zo in mayar wa kowa ɗansa a gaban shaidu, a shafa fatiha, su san yaran sun dawo hannunsu, mai kai nasa gona ya kai, mai kai nasa fatauci ya kai. Wata uku ina ja musu rai, yau in ce zazzaɓi, gobe in ce aiki, don na san in aka shafa wannan fatiha ba mai sake fitar da yaran nan, ko ni ko wani. Yanzu dabarata ta ƙare. An sa mini rana, Juma'ar farko bayan an gama shigar da dawa. Gida goma sha ɗaya ne. Zan fara da rugar Arɗo don ita ta fi nisa, kuma zan tafi a hankali, ko Allah zai sa masinjanka ya riske ni a hanya.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon jin maganar na ƙasa, ya raya maka zuriya, ya haɗa su da malaman da ba za a raba su da su ba. Amin.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Isyaku Mai Mazarƙwaila,
ƙasar Makarfi.