Masar da 'Yan Zari-Ruga Suka Ci

Zubairu, filin bai kuɓuce mana ba! An bar wa yaran wurinsu, kuma Hanifa ta jefa ƙwallo a raga da sandarta a gaban idona ranar Asabar ɗin da ta wuce! Ka gafarce ni, murna ta sa na shigo maka gida ba sallama. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara afuwa, Ya ba ku damina mai albarka. Mu nan Greensboro ta Amurka lafiya lau muke. Ɗana Abdulmuhaimin yana ta fama da aikinsa na asibiti, matarsa Salwa ta koma karatu, ni kuwa ina nan ina zaman tsufa da kai-kawon masallaci. Na san kana mamakin wane fili ne, wace sanda ce, saboda haka ka gyara zama. Na ƙi yi maka bayanin ta waya don kada ka katse ni da dariya. Ka yi haƙuri da rubutun wanda ya shiga ajin yamma da furfura a gemu.

Ka san Hanifa, babbar 'yar Abdulmuhaimin, yanzu shekararta goma sha shida. Tun da suka tashi zuwa unguwar Sedgefield ta sauya makaranta, yarinyar nan ta zama kamar an ɗauke mata murya. Daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai makaranta. In na tsokane ta na ce tsohuwa ta fito mu gaisa, sai ta yi ɗan murmushi ta ja ƙofa. Ana nan wata 'yar ajinsu ta ja ta zuwa wani wasa na mutanen ƙasar Ayalan da suke kira harlin. Ranar da na fara raka ta, wallahi sai da na tuna mu a Gumel muna kora ƙwallon goruba da karkatacciyar sanda a bayan gari. Sandar tasu ta katako ce, bakinta da faɗi kamar muciya, ƙwallon kuma bai fi goruba girma ba. Suna ɗaukar sa a bakin sandar su ruga da shi, su maka shi sama. In ya bi ta saman ƙarfen raga maki ɗaya, in ya shiga ragar maki uku. Hanifa tana ɗora hular kwano a kan ɗankwalinta ta shiga. Tun daga lokacin bakinta ya buɗe, har sai an ce ta yi shiru a bari mutane su ci abinci.

Mai koya musu wani dattijo ne, Mista Donal, mutumin Ayalan, tsohon magini. Shi yake yi wa filin alama da farin fenti, shi yake gyara sandunan da suka tsage. To amma wasan ba shi da jama'a. Ranar wasa in ka duba gefen fili, daga ni sai matar Donal da karenta, sai wasu iyaye da ke zaune a mota suna latsa waya. 'Yan wasan ma suna ta zarewa suna komawa ƙwallon zari-ruga, wanda ake rungumar ƙwallo a gudu ana kayar da juna, domin shi ake nunawa a talabijin. Donal ya ce mini ko a garinsu na haihuwa ya ga alamar haka da ya je hutu, ya tarar da kujerun filin harlin babu kowa, samari suna can suna kallon zari-ruga. Sai ga masu kula da filin sun aiko cewa daga kaka mai zuwa za su ba 'yan zari-ruga safiyar Asabar, wadda ita ce lokacin yaranmu, tunda wasan namu ba mai zuwa. In aka yi haka ƙungiyar ta watse ke nan, wadda ta fi kusa kuwa tana wani gari mai nisa, ba mai kai Hanifa. Ran da ta ji labarin ta koma ɗaki ta rufe ƙofa kamar da.

Na ce a raina, in dai jama'a ake nema, ai mu ba mu rasa jama'a ba. Sai dai na san mutanenmu, in na ce su zo kallon wasan sanda ba wanda zai tashi. Saboda haka na yi dabara, na sa aka watsa a zauren wasaf na 'yan gida cewa Alhaji Sale yana gayyatar kowa walimar jikarsa ranar Asabar a fili kaza. Na kira abokina Malachy, mutumin Jos da muke zama tare a shagon ɗansa, na ce ya shaida wa mutanen cocinsu. Matarsa Anti Yemima da Salwa suka kwana biyu suna shirin masa da miyar taushe da dambun nama da zoɓo. Na je na bugi ƙirji a gaban Donal, na ce ya gaya wa masu fili su turo wakilinsu ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Zubairu, abin da na manta shi ne, wanda aka gayyata walima ba ya zuwa da hantsi. Aka fara wasa, ni kaɗai a tsaye cikin babbar riga ina leƙen hanya. Aka tafi hutu, ba kowa. Aka tashi, ba kowa. Yara suka tattara sandunansu, 'yan matan zari-ruga suka shigo fili domin lokacinsu ya yi. A daidai nan motoci suka fara kwararowa. Alhazai da hula da turare, mata da leshi da gwaggwaro, mutanen Malachy da ganga, yara da kujeru, ga kuloli ana ta saukewa. Kafin in buɗe baki sun cika gefen fili, sun ga 'yan mata suna gudu, suka ɗauka wasan ke nan. Ganga ta tashi, tafi ya kaure. Duk wadda aka kayar sai mata su yi salati, in ta miƙe a yi guɗa. Wata Hajiya ta kama wata doguwar baƙar yarinya da ido ta ce lallai ita ce Hanifa, tubarkalla ta yi jiki. Anti Yemima ce kaɗai ta tambaye ni ina sandunan da na ce. Da aka tashi kuma ba yadda za ka hana mutanenmu ciyar da wanda ya yi gumi, 'yan zari-ruga suka zauna suka share masar nan tas. Wakilin masu fili, da ya ga safiya ba kowa, ya ga rana ta cika maƙil, ya yi ta ɗaukar hoto yana gyaɗa kai. Garin neman gira na tsone ido.

A mota da muka kusa gida, Hanifa ta faɗa mini da Turancinta cewa na ɗauki filin da hannuna na miƙa musu, har da abinci. Ubanta ya so ya tsawata mata, na ce ya bari, gaskiya ta faɗa. Malachy kuwa ya samu abin tsokana, ko'ina muka haɗu sai ya cire hula ya gaishe ni da Sarkin Zari-Ruga na Arewacin Karolina, ya ce yaushe za a yi naɗin. Na ce masa ai gangarsa ce ta fi kowa laifi, shi zan naɗa Sarkin Makaɗa. Muna dariya, amma raina ba daɗi, domin ƙofar ɗakin nan ta sake rufuwa.

Da na rasa abin yi, na ce Malachy ya raka ni wurin mai koyar da 'yan zari-rugar, wata mata ce 'yar nan garin mai suna Treasure. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Muka same ta a wani shagon shayi a titin Elm. Tana ganina ta tashi ta kama dariya, ta ce ga kakan da ya kawo musu biki. Ta ce tun da take koyar da yaran nan ba a taɓa yi musu tafi irin na ran nan ba, su ma iyayensu ba sa zuwa, har wata daga cikinsu ta yi kuka a hanyar gida. Ashe su ma marayu ne kamar mu, yawan 'yan wasa kawai suka fi mu. Ta ce ita ba korar kowa take so ba, safiya take nema saboda 'yan matanta da yawa suna aiki a kantuna da rana. Nan na ga ƙofa. Na sa Malachy ya fassara mata yadda muke gayya a gida, mai gona ya tara mutane ya ciyar da su su yi masa noma, kuma wanda ya ci tuwon gayya ba ya saɓa fartanyarsa ya tafi. Na ce yaranta sun ci tuwo ba su yi noma ba, gonata tana nan tana jira. Ta yi dariya har da hawaye, ta tambayi ina gonar take.

Ita da Donal suka je wurin masu fili da shawara ɗaya, a ba zari-ruga safiya, a ba harlin bayan Azahar. Masu fili suka ce bayan Azahar ɗin ma akwai masu nema, sai dai a gwada Asabar ɗaya a gani. Wannan karon ban ce walima ba. Na tsaya a ƙofar masallaci bayan Juma'a na tari mutane ɗaya bayan ɗaya, na faɗa musu gaskiya, wasan jikata ne, kuma sun ci mini amana ran nan sun yi wa baƙi guɗa. Sannan na ɗora wa kowa kaya. Wannan shi zai kawo rumfa, wancan ruwan sanyi, wancan tabarmin salla, mutanen Malachy kujeru. Na lura mutuminmu yana makara in shi baƙo ne, amma in ya san rumfar da mata za su zauna tana bayan motarsa, kunya ba ta barinsa.

Ranar kuwa kafin yara su gama ɗaura hulunansu wuri ya cika. 'Yan zari-ruga suka gama nasu wasan suka ƙi tafiya, suka jeru da rigunansu duk taɓo suna kiran sunan Hanifa. Da aka ƙirga yaranmu ba su cika ba, sai biyu daga cikin 'yan zari-rugar, waɗanda dā can 'yan harlin ne suka gudu, suka karɓi sanda a hannun Donal suka shiga. Abokan karawarmu da suka zo daga wani gari sun fi mu gwaninta, ba zan ɓoye maka ba. Ana cikin zagaye na biyu ƙwallo ya faɗo gaban Hanifa. Ta tsince shi da bakin sanda, ta ruga da shi yana zaune a kai kamar an liƙa, ta kauce wa ɗaya, ta kauce wa ta biyu, ta maka shi. Sai gani muka yi raga ta girgiza. Matan nan suka saki guɗa gaba ɗaya, har alƙalin wasa ya busa usur ya juyo a firgice yana neman wanda ya ji ciwo. Ni kuwa ban san lokacin da na shiga fili ba, sai da Abdulmuhaimin ya jawo ni ta hannun riga yana cewa Baba za a kore mu. Hulata ma wani yaro ne ya tsinto mini.

An cinye mu da maki kaɗan, amma ba wanda ya damu. Wakilin masu fili ya zo ya yi hannu da Donal ya ce bayan Azahar ta zama tasu. Dattijo Donal ya cire tabarau yana goge ido, ya ce rabonsa da jin irin wannan hayaniya a filin harlin tun yana saurayi a garinsu. Iyaye uku daga cikin mutanenmu sun ce za su kawo 'ya'yansu, har Anti Yemima tana tambaya ko akwai na tsofaffi. Hanifa ta zo da gumi ta ɗora mini hular kwanonta a ka, ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle wai tsoho ya yi ƙoƙari amma kada ya sake shiga fili. Daga nan har gida ba ta yi shiru ba.

Ka gaishe mini da Yaya Daso, ka karanta mata wannan a hankali, ka ce jikarta tana buga sanda fiye da mazan unguwarmu. Ka gai da Ramlatu da yaranta, da Fatsuma, da Yasmina amarya, da liman da duk mutanen zaure. Abdulmuhaimin da Salwa suna gaishe ku, Malachy ma ya ce a gai da kai ko da ba ku taɓa haɗuwa ba.

Na san za ka ce Sale ya tsufa ya fara ƙari a magana. To gani ya kori ji. Wasa zai dawo idan sanyi ya wuce, kuma filin namu ne kowace Asabar. Abdulmuhaimin ya ce zai fara nema maka takardun tafiya, kai da Yaya Daso in ƙafarta ta yarda. Duk wanda Allah Ya hore wa hanya a gidan nan ya taho, ɗaki akwai, rumfa akwai, zan ajiye muku kujeru a gaba daf da layi. Ku zo ku ga Hanifa da idonku.

Naka har kullum, yayanka,
Alhaji Sale