Haruffa Uku da Badaru Ya Manna Mini

Anti Zaituna, don Allah ki taimake ni da shawara, ko da za ki yi mini dariya. Kowa na kawo miki matsalar aure, ni kuwa matsalar kwamfuta na kawo.

Ina aikin fassara takardun kiwon lafiya zuwa Hausa a wata hukuma a nan Abuja, kuma rabin wata a hanya nake yinsa: yau Lafiya, jibi Kontagora. Laftof ɗin da nake ɗauka ta mijina ce, Badaru, wanda Allah ya yi wa rasuwa bara. Tsohuwa ce, kamar dutsen niƙa don nauyi, cajarta ma kaya ce. Da aka zo rabon gado ita kaɗai na roƙa a bar mini.

Tun farkon aikina na yi masa ƙorafin ba na samun ƙ da ɗ da ɓ. Ya zauna ya saita mini su, ya yanka farar takarda mai manne, ya rubuta kowane harafi da biro ya liƙa a kan maɓallinsa. Yanzu rubutun ya kusa gogewa saboda yatsuna. Idan na gama fassara kuma shi yake karantawa da ƙarfi, muna ɗaukar muryar a cikinta, wai don in ji inda na yi Hausar Abuja. Ya tsaya ya yi dariya, ya ce ko kakarsa ta Zariya ba za ta gane wannan ba. Muryoyin nan duk suna ciki. Tun da na fita takaba ban iya sauraron ko ɗaya ba, amma ban iya fita ba tare da su ba.

To, kafaɗata ta gaza. Ran nan a tashar Utako jakar ta suɓuce mini saboda hannuna ya mutu, na tsaya ina kuka a gaban direbobi, suna zaton kuɗina aka sace. Likita ya hana ni ɗaukar nauyi. A Lafiya kuma kwamfutar ta mutu ana tsakiyar taro da aka ɗauke wuta. Oga ya ce, cikin mutunci dai, idan ba zan iya tafiyar wata mai zuwa ba, zai ba wani gurbina.

Abokiyar aikina Serah ta kai ni shago ta ɗora mini wata siririyar kwamfuta a hannu. Anti, rashin nauyinta ne ya sa ni hawaye. Ji na yi kamar zan ajiye Badaru ne don ya yi mini nauyi. Na fito ban ko tambayi sunanta ba. Wacce zan saya, kuma yaya zan saya ban ji na ci amanarsa ba?

Mai Ciwon Kafaɗa, Utako

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Badaru, ya ba ki dangana. Ban yi dariya ba. Wanda bai rasa nasa ba ne yake cewa ai kwamfuta ce kawai.

Kina da gaskiya da kika riƙe ta, amma likita da oganki ma suna da tasu. Akwai kuma abin da ba ki hango ba: ramukan hanyar Kontagora ba su san darajar muryar mijinki ba. Tsohuwar kwamfuta ba ta sallama kafin ta tafi. Don haka tun kafin ki koma shago, a satin nan, ki kwafe muryoyin a wuri biyu, ɗaya a fulash a gida, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Ba sai kin saurara ba. Ki sa Serah ta zauna kusa da ke.

Sai zaɓe. Nemi wadda ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, mai allo inci goma sha uku ko sha huɗu. Ki auna ta tare da cajarta, don wata 'yar siririya ce da uwar caja. Ƙaramar caja irin ta wayoyin zamani ta fi miki. Batir ya fi kyan jiki muhimmanci a aikinki, kuma yawan awannin da aka rubuta a kwali ki rage masa kashi ɗaya cikin uku. RAM, wato ƙwaƙwalwar aikinta, kada ya gaza giga goma sha shida, saboda yawancin siraran ba a ƙara musu daga baya. Kada siranta ta ruɗe ki: wadda ta cika siranta takan yi zafi, ta kuma rasa kafar jona majigi. Idan ta hannu ce, a nuna miki lafiyar batirin a gabanki. Ki je da jakarki, ki saka ta ki rataya, sannan ki zauna ki buga shafi guda cur. Mai shago ya yi haƙuri, ke za ki zauna da ita.

Haruffan nan uku ana saita su a kowace kwamfuta. Ki ce a ɗora su a daidai maɓallan da ya zaɓa. Takardunsa kuwa kada ki ɓamɓare ko ɗaya. Ki goge tsohuwar, ki ba ta wuri a gida, ta huta. Ta yi tafiya ta isa haka.

Batun cin amana kuma, mutumin da ya zauna yana yanka takarda don yatsunki su huta ba zai so kafaɗarki ta karye saboda shi ba. Kin ce rubutunsa ya kusa gogewa, amma ba ki ce kin taɓa kuskuren harafi ba. Ashe kin daɗe da daina duba su. Ranar da kika buɗe sabuwar, ki rufe ido ki buga "ƙauna". Yatsanki zai je inda Badaru ya koya masa, kuma wannan kaya ne da likita bai hana ki ɗauka ba.

Ki je tafiyarki. Allah ya sauke ki lafiya, ya sauƙaƙa miki kaya, na kafaɗa da na zuci.

Anti Zaituna