Musa Garba Biyu, Fili Ɗaya

Yaya Ado,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta isa hannunka ba, wata bakwai ke nan da muka kai ka makwancinka. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana sai kai.

Gida lafiya. Inna tana fama da ƙafarta, Yaya Binta ta koma gidansu a Babura bayan takaba. A ofis kuma ni aka ba kujerarka da kwamfutar rajistar filayen noman rani, tunda ni na zauna kusa da kai shekara uku ina buga maka sunaye.

Yaya, na ɓata maka aiki.

Ka tuna yadda ka tsara shi? Jadawalin mutane daban, na ƙauyuka daban, na filaye daban, kowane manomi da lambarsa, lambar ce ke haɗa su. Idan aka nemi fili ɗaya sai injin ya bi jadawali uku yana gurnani, har mutum ya yi alwala ya dawo bai gama ba. Janareta kuwa awa biyu ake kunna mana. Sau nawa na ce maka taurin kai ne? Kai kuma kullum amsarka ɗaya, gara a jira a sami gaskiya. A raina ina cewa ba kai kake fita ba wa manoman Gwiwa haƙuri a rana ba.

Da ka rasu, layi ya yi tsawo, shugaban ofis yana ta faɗa. Sai na haɗe komai a jadawali ɗaya: suna, ƙauye, fili, a layi guda. Na cire lambobin. Na cire har gurbin laƙabi, inda kake rubuta Dogo, Na Tabawa, Mai Rago, don ina ganin cin wuri kawai yake yi. Da faifan adana bayanai ya ƙare mana, a kan naka na adana nawa, naka ya goge. Aiki ya yi sauri, aka yabe ni, ni kuma na ji daɗi. Har na ce da kana raye da ka gani. Wannan maganar ita ta fi ci mini rai yanzu.

A Roni akwai Musa Garba biyu, ƙauyensu ɗaya, duk sun rasu. Ɗaya ya bar matarsa Iya Tabawa da jikoki huɗu, filin nan na bakin ruwa shi ke ciyar da su. 'Ya'yan ɗayan sun kai ƙara, sun ce na ubansu ne. Mai unguwar da ya shaida rabon ba ya raye. Takardun asali gara ta cinye su a sito. Alkali ya ce rajista ce za ta raba gardama, ranar Alhamis zan tsaya a gabansa.

Na bincika durowarka, na zazzage jakarka, na aika Babura ko ka bar wani faifai a cikin kaya. Babu. Jiya Iya Tabawa ta zo, ta zauna a ƙasa ta ƙi kujera, tana cewa Ado ya rubuta da hannunsa, ai ba zai ɓata ba. Me zan ce mata? In ce ƙanwar Ado ta goge mijinta don layi ya ragu?

Yaya, wane Musa ne? Kai ka san su, ka ci tuwo a gidajensu. Ko a mafarki ne, ka zo ka faɗa mini. Yau sau ashirin ina buga sunan, kafin in ɗauke yatsa amsa ta fito: Musa Garba, Roni. Ba ta taɓa sa ni jira ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini, ko da Iya Tabawa ba za ta yafe ba.

Ƙanwarka mai gaggawa,
Zuwaira, Kazaure