Tsakanin Haya da Saya

Barikin Reluwe, Minna
9 ga Maris, 1956

Yaya Rekiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yata Altine. Yaya zafin Kagara? Inna tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi.

Kin san Baba zai ajiye aiki ƙarshen wata, dole mu bar bariki. To, ya sami gida a Kwangila wurin wani mutumin Bida, Ndayako, ɗaki huɗu da rijiya. Har Baba ya ce ɗakin bayan rijiya nawa ne. Wata tsohuwa ce a ciki, Kaka, matar marigayi Ndagi, wan Ndayako, amma an ce za ta tashi.

Jiya Ndayako ya kawo takardar filin ta En'e. Baba ya kira ni in karanta a gaban maza biyar! Yaya, kin san halina. Da ƙyar muryata ta fito. Na karanta cewa an ba Ndagi da Ndayako fili tare, haya, shekara talatin. Ndayako ya tuntsire da dariya, ya ce, "Malam, 'saya' aka rubuta. Bokon 'yan mata ke nan!" Saura kaɗan in ce haka ne, don in samu in gudu. Kuma ba zan ɓoye miki ba, na tuna ɗakina, na ji tsoron kada cinikin ya ɓaci.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce in rubuta kalmomin biyu a ƙasa da tsinke. Shi da bai san boko ba, ya durƙusa, ya dubi ƙasa, ya dubi takarda, ya ɗora yatsa kan harafin farko. Ya ce, "Tun ina saurayi nake duba kusoshin layin dogo. Na san miƙaƙƙe, na san lanƙwasasshe. Wannan a tsaye yake. Haya ne, Lauratu ta yi daidai."

Ban taɓa jin ya yabe ni a gaban mutane ba.

Ƙanwarki,
Lauratu

Kwangila, Minna
2 ga Afrilu, 1956

Yaya Rekiya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki dubi adireshin da ke sama. Mun tare!

Baba ya tafi da ni ofishin En'e. Akawu, Malam Gabriel, ya bayyana mana cewa gini ake saya, ƙasa kuwa haya ce, ana biya duk shekara. Shekara goma sha ɗaya sun wuce, saura goma sha tara, sannan a nemi sabuntawa. Kuma tunda suna biyu ne a takarda ɗaya, ba iyaka tsakaninsu, Ndayako ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai. Rabon Ndagi na Kaka ne da 'ya'yanta.

Ndayako ya ce wallahi shi bai sani ba. Baba bai ƙure shi ba, ya ce kowa da inda idonsa ya tsaya. Daga nan ya je wurin Kaka, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambaye ta ko ta yarda mu zama abokan zamanta. Ta ce ta yarda. Ashe har ta ɗaure kayanta, ba wanda ya taɓa gaya mata tana da haƙƙi.

Rabon Ndayako kaɗai Baba ya saya, ɗaki biyu. An sake takarda da sunan Baba da na su Kaka. Rijiya ta kowa ce. Inna ta ɗan yi ƙorafin matsi, Baba ya ce gara matsi da kwana a kan haƙƙin wani.

Ɗakina dai ya tafi, na yi kuka a ɓoye. Sai shekaranjiya ina jan ruwa Kaka ta kira ni da irin Hausarta: "Malama, kai ne ka karanta takarda? Kawo tabarmanka, ɗaki yana da faɗi."

Daga ɗakin bayan rijiya nake rubuto miki.

Ki shafa mini kan Altine.

Taki har kullum,
Lauratu