Wainar Rakiyar Agogon Sa'idu

Assalamu alaikum Sa'idu,

Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin ƙasar can? Ya Rabi da yara? Mu nan Jakara sai godiya, in ban da ƙafar Hajiya da ke tashi jefi-jefi.

Na samu saƙonka cewa an ɗage tura agogonku sararin samaniya sai baɗi, wai hasken nan mai ƙarfi da kuke kira lesa, wanda ke sanyaya ƙwayoyin zarra a cikinsa, ya samu matsala. Na san ranka ya ɓaci, don ba ƙaramar wahala ka sha a kansa ba. Ka yi haƙuri, Allah ya sa jinkirin ya zama alheri.

Hajiya kuwa ba ta san an ɗage ba. Ranar da ka ce za a harba shi, ta sa aka toya waina aka raba wa maƙwabta sadaka, kamar yadda take yi duk sanda ɗan gidan nan zai yi tafiya. Na ce mata ai agogo ne, ba mutum ba. Ta ce abin da ya hana ɗanta barci shekara da shekaru ai ya zama ɗan gida, ba zai tafi babu rakiya ba.

Da na gaya mata gaskiya cewa an ɗage, sai ta tambaye ni ko zuwanka gida ma ya koma baɗi ke nan. Na ce mata zan tambaye ka. Ka kira ta, daga bakinka take son ji.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe min da Rabi da yara.

Yayarka,
Bilkisu