Hatimin da Ya Ce Clara Tana Ji

Gilbert Tagwai,
Bayan Kwatas ɗin Ma'aikatan Jirgin Ƙasa,
Kafanchan.
Litinin, 17 ga Oktoba, 1994.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Amintattu na Shirin Ji Tun da Wuri,
Shiyyar Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KUSKUREN GWAJIN JI DA AKA YI WA 'YATA CLARA, DA ƘIN SA SUNANTA CIKIN YARAN DA LIKITOCIN KUNNE ZA SU GANI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana. Ni malamin makaranta ne, a da kuma wakilin jarida. Ni na rubuta takardar shelar wannan Shiri da Hausa a 1991, na kuma karanta ta da bakina a majami'u bakwai tsakanin Kafanchan da Zonkwa. Malam Silvanus, jami'in Shirin, shi ya roƙe ni. Shi ne abokin ango a aurena, shi ya riƙe Clara ranar da aka miƙa ta a majami'a. Na ambaci wannan ne don kada a ɗauka wani maƙiyin Shirin ke magana.

1. A watan Maris na 1991 aka kawo masu koyarwa, suka yi kwana biyar suna horar da ma'aikatan lafiya goma sha biyu yadda ake gwada jin jarirai. Na halarci rana ta uku, abin da aka koyar yana cikin littafina har yau. A kwance goyo. A zaunar da yaro a cinyar uwarsa. Ma'aikaci ɗaya ya ɗauke masa hankali ta gaba, na biyu ya kaɗa cokali a kofi ta baya, inda yaron ba zai gan shi ba. Uwa kuma kada ta motsa. Sau uku aka maimaita wannan na ƙarshe.

2. An zaɓi masu zuwa horon ne bisa girman muƙami, kamar yadda aka saba. Tara daga cikinsu shugabannin ofis ne da ba sa zama wurin awon jarirai. Cikin ukun da suka rage, ɗaya ce a asibitin unguwarmu, Sista Magdalene, ita ma a watan Yuni aka mayar da ita ɗakin ajiyar magani a Zonkwa. Ta bar kofi da cokali da hatimi. Wadda ta gaje ta ba ta je horo ba, kwatance kawai aka yi mata a tsaye. Ban ga laifinta ba, shi ya sa ban rubuta sunanta ba.

3. Ran Laraba, 14 ga Agusta, 1991, matata Regina ta kai Clara, tana da wata takwas. Ranar allurar rigakafi ce, mata sun yi layi har waje, kowace da goyo. Ba wanda aka ce ya kwance zane. Ma'aikaciya ta bi bayan layi tana kaɗa cokali. Regina ta ji ƙara a bayanta, ta ɗauka kiranta ake yi, ta waiwaya. Kan yarinyar da ke ɗaure a bayanta ya bi ta. Aka buga hatimi a kati: TANA JI. Ranka ya daɗe, a ranar kunnen matata aka gwada.

4. Clara ta cika shekara biyu ba ta ce komai ba. Na je wurin Malam Silvanus a gidansa. Ya duba katin, ya yi dariya, ya ce ai mu muka rikita yarinyar, ni da yarenmu na Jju, uwarta da Hausa, maƙwabta da Turanci, ta rasa wanda za ta kama. Ya ce mu zaɓi yare ɗaya. Muka zaɓi Hausa. Wata goma sha uku mahaifiyata tana zuwa gidana ana hana ta yi wa jikarta magana da yarenta. Ta rasu a Janairun bana, tana ganin ita ce ta jawo.

5. Ran Asabar, 5 ga Maris na bana, jirgin kaya ya yi oda a bayan gidajenmu. Yaran kwatas duka suka toshe kunne. Clara ta ci gaba da wasa da murfin kwalba, ba ta ɗaga kai ba sai da ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashinta. Maƙwabciyarmu Madam Oby, matar direban jirgi, tana shanya a wurin. Ta same ni da yamma ta ce, "Oga Gilbert, ka yi hakuri, yarinyan nan ba ya ji." Ba ta taɓa zuwa horo ba. Ran 22 ga Maris wani likita a Jos ya tabbatar da maganarta a rubuce, ya ce da alama haka aka haifi Clara, kuma sauran ɗan jin da take da shi na'ura za ta iya taimakonsa idan ba a ƙara makara ba.

6. Shirinku ya yi shelar cewa likitocin kunne za su zo ran 14 ga Nuwamba da na'urorin ji, za su ga yara 'yan ƙasa da shekara huɗu waɗanda Shirin ya sa sunansu kaɗai. Za a rufe sunaye ran 31 ga wannan wata. Clara za ta cika huɗu ran 9 ga Disamba. Sau uku na kai takardar Jos ofishin Malam Silvanus, a Afrilu da Yuni da Satumba. A zuwa na ƙarshe ya rufe ƙofa, ya kira ni ɗan'uwa, ya ce idan ya sa sunan yarinyar da hatiminsa ya ce tana ji, za a tambayi sauran katunan, kuma rahoton da ya aika ya nuna ba a sami kuskure ko ɗaya ba. Ya ba ni shawara in ce zazzaɓi ne ya kashe mata kunne daga baya, shi kuma zai sa hannu a take. Clara ba ta taɓa kwanciya asibiti ba. Na ƙi.

Na san da na yarda, da yau sunanta yana ciki. Regina ma ta sani, kuma tun ranar ba mu sake tayar da zancen ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

Na farko, a sa sunan Clara kafin 31 ga wata, bisa gaskiyar abin da ya faru, a kuma soke hatimin da ke katinta.

Na biyu, a sake kiran duk yaran da aka gwada a asibitin unguwarmu tun daga Yunin 1991. Littafin rajista yana nan.

Na uku, a horar da masu riƙe cokalin da kansu, ko da su ne na ƙarshe a muƙami. Sista Magdalene ta ce a shirye take ta koyar idan an ba ta izini.

Na huɗu, a daina raba takardar shelar nan. Sunana ne a ƙasanta, kuma a ciki na yi wa iyaye alkawarin cewa hatimin abin dogara ne.

Ban nemi a kori kowa ba. Idan Kwamiti yana shakkar maganata, jibi Laraba ce. Wakilinku ya zo da ƙarfe tara, ya tsaya bayan layin mata, ya ga wanda yake waiwayawa.

Na haɗa da kwafin katin, da takardar Jos, da shafuka biyu na littafina. Clara ba ta taɓa kirana Baba ba. Wannan ba ya cikin hujjoji, ba ni da takardarsa.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basira.

Naka cikin biyayya da girmamawa,

Gilbert Tagwai
Mahaifin Clara