Wurin da Musaddiq Yake Tsayawa

Daura, ranar Lahadi.

Zuwa ga 'yata Adawiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Lubna matar ɗan'uwanki da jikata Zulfa, kuma aikin asibiti yana barin ki ki huta. Mu nan mun gode Allah. Mahaifiyarki ta fara taɓa abinci. 'Yan ta'aziyya sun ragu. Jiya mutanen Mashi ne kaɗai suka zo.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin a waya muryata tana faɗin abin da ban ba ta izini ba.

Na karanta saƙon da shugabannin kulob ɗin ƙwallon suka ba ki ki isar mini. Turanci ne mai tsabta, irin wanda na yi shekaru ina ba ɗalibai maki a kansa. Suna so a wasan buɗe kaka 'yan wasa su durƙusa da gwiwa ɗaya a tsakiyar fili, a haska hoton ɗan'uwanki Musaddiq a babban allo, sannan kyaftin ya riƙo hannun Zulfa ya shigo da ita sanye da rigarsu. Sun kira wannan girmamawa, da kuma gargaɗi ga masu wariyar launin fata. Na duba saƙon daga sama har ƙasa, kalmar kisa ba ta ciki. Sun ce sun rasa shi, kamar yadda ake rasa mabuɗin mota.

Tunda mantuwa ta kama su, ki tuna musu. Ɗana ya je Ingila karatun digiri na uku. Ranakun wasa yakan sa rigar nan ruwan ɗorawa ta masu kula da 'yan kallo a filinsu. Ya sha kai ƙarar wani rukunin kujeru inda ake kukan biri duk sanda baƙin ɗan wasa ya taɓa ƙwallo, ana ce masa ana duba lamarin. Ran da ya nuna mutum guda aka fitar da shi, mutumin ya jira shi a tashar bas. Naushi ɗaya, ƙeyarsa ta bugi bakin titi. Abokan zaman mutumin kuwa, ke kika gaya mini, duk sun sabunta tikitinsu.

A gidan nan kika tashi, kin san durƙuso. Kina ƙarama lokacin da ɗan acaɓa ya buge baffanki Yahya a hanyar Mai'adua. Uban yaron ya zo zauren nan, ya tuɓe takalmi, ya kai gwiwoyinsa biyu ƙasa a gaban kakanki. Ya ce ɗansa ne ya yi, ya faɗi sunansa, sannan ya jira a yafe ko a ƙi. Bai san wanne zai ji ba. Nasu kuwa, alƙalin wasa ne ke busa usur a durƙusa, ya sake busawa a miƙe. Ba a gaban kowa ake yinsa ba, ba a ambaton laifin kowa, kuma ba a bar wa kowa damar ya ce bai yafe ba.

Ban amince a shigar da Zulfa filin nan ba. Marainiya ce, ba kayan ado ba.

Ki gaishe da Lubna, ki ce ina yi mata addu'a. Allah ya ji ƙan Musaddiq, ya tsare ku.

Mahaifinki,
Isyaku Nu'uman.

Daura, ranar Alhamis.

Zuwa ga 'yata Adawiyya,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Yaya jikin Zulfa, murar ta sake ta? Mahaifiyarki ta ce a riƙa ba ta zuma da lemun tsami, kuma kada ki ce mata ke likita ce.

Amsarki ta iso, kuma ban ji haushinta ba. Kin ce baƙaƙen 'yan wasa ne suka fara durƙuson nan, ba shugabanni ba, kuma wasunsu sun sha zagi da barazana a kansa. Gaskiya kika faɗa. Yaron da ya kai gwiwarsa ƙasa yana sane da cewa za a zagi uwarsa kafin ya tashi, ina girmama shi. Rainina yana kan waɗanda suka karɓe abin daga hannunsa, suka sa shi a jadawali tsakanin tallar giya da jefa kwabo, suka kuma riƙa ɗaukar hoton kansu. Na zauna da mutanen nan a ƙasarsu tun kafin a haife ki. Na tuna wata mai gidan haya da ta dube ni, ta ce an riga an kama ɗakin, ta ba ni haƙuri da murya mai taushi har na kusa gode mata. Babu al'ummar da ta kai su iya ba da haƙuri, muddin ba za a tambaye su haƙurin mene ne ba.

Kin kuma ce Lubna tana so 'yarta ta ga dubban mutane suna tafa wa ubanta, domin ta girma da wani abu ban da labarin tashar bas. Wannan ya tsaya mini a rai. Na san a dokar ƙasarsu maganar uwa ce ke aiki, tawa roƙo ce kawai.

Nan ma muhawarar ta iso. Maƙwabcinmu Hilary mai kayan gyaran babur ya ce a gidan kallon ƙwallo samari sun kusa ba hammata iska, wasu na cewa Turawa sun kyauta, wasu na cewa wasan kwaikwayo ne, kuma dukkansu sanye da rigunan kulob-kulob na garuruwan da ba za a ba su bizar shiga ba. Shi Hilary kuwa, ran da labarin rasuwar ya zo, ya rufe shagonsa, ya zo ya tsuguna a ƙofar zaure har magariba.

Ga abin da ban gaya miki ba. Na taɓa tsokanar Musaddiq a waya cewa ya samu aikin kallon ƙwallo kyauta. Ya yi dariya, ya ce shi bai taɓa ganin wasa ko ɗaya ba. Ƙa'idar aikinsu ita ce su juya wa fili baya, su fuskanci 'yan kallo daga farko har ƙarshe. Ashe durƙuson nan ma bai taɓa ganinsa ba. Abin da yake gani duk sanda aka busa usur, fuskokin masu ihun ƙin abin ne, kusa da shi har yana jin warin bakinsu.

Saboda haka na sassauta, bisa sharaɗi. Su bar tsakiyar fili. Su zo wurin da ɗana yake tsayawa, su durƙusa suna fuskantar rukunin kujerun nan, mai sanarwa kuma ya faɗi dalilin da ya sa aka kashe shi. Idan sun yarda, Zulfa ta shiga da albarkata. Ki karanta wa Lubna wannan yadda na rubuta shi.

Ina gaishe ku duka.

Mahaifinki,
Isyaku Nu'uman.

Daura, ranar Litinin.

Zuwa ga 'yata Adawiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin kwana lafiya, kuma babu wanda ya biyo ki gida. Ki amsa mini wannan kafin komai.

Amsar kulob ɗin ba ta ba ni mamaki ba. Dalilan tsaro, in ji su, da gudun raba kan magoya baya. Wato sun san sarai su waye ke zaune a kujerun nan, kuma sun san abin da za su iya aikatawa. A wurin da suke tsoron kai 'yan wasansu na ɗan lokaci, nan suka tsayar da ɗana kowane mako. Ki gode wa Lubna da ta karanta amsarsu ta riƙe Zulfa a gida. Ban umarce ta ba, ita ta gani da idonta. Rigar da suka aiko mini mai ɗauke da sa hannun 'yan wasa, na mayar musu ba tare da wata takarda ba.

Sauran labarin ba daga bakinki na ji ba. Hilary ne ya shigo jiya da hantsi, wayarsa a hannu, ya ce in duba abin da ke yawo. Ashe kin sayi tikitin layin gaba na rukunin nan, kin sa rigar ɗan'uwanki, da aka busa usur kowa ya dubi tsakiyar fili, ke kika miƙe kika juya wa filin baya.

Ya kamata in yi miki faɗa, kuma zan yi idan na samu muryar yinsa. 'Ya ɗaya ta rage mini.

Daga gefen fili aka ɗauki hoton, don haka fuskokinsu ne suka fito, ba taki ba. Na ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya. Wani yana duban takalminsa, wani ya ga abin sha'awa a wayarsa, wani ƙato yana dariyar da ba ta kai idonsa ba. Jaruman kukan biri ke nan, mace ɗaya ta hana su ɗaga kai. Yanzu na ga abin da ɗana yake gani.

Mahaifiyarki ta karɓi wayar daga hannuna. Ta ga rigar ruwan ɗorawa, ta ga kafaɗun nan da kuka gado daga kakanku, ta kira sunan Musaddiq. Ban gyara mata ba. Na mayar wa Hilary wayarsa, na gode masa, na raka shi har ƙofa kamar yadda ya dace. Da na koma ɗaki, na kai gwiwoyina biyu ƙasa. Babu wanda ya busa usur, kuma na daɗe ban tashi ba.

Ki wanke rigar ki adana wa Zulfa. Idan ta girma ta tambaya, ki nuna mata inda ubanta yake tsayawa, da kuma inda yake fuskanta.

Allah ya yi miki albarka, ya dawo mini da ku lafiya.

Mahaifinki,
Isyaku Nu'uman.